Littattafan Bashin Baba Da Asabar Ɗin Ƙarshen Wata

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma tun ina firamare aka gama yanke abin da zan zama. Baba yana da shago a Kantin Kwari, yana sayar da shadda da atamfa, amma bai taɓa son in gaje shi ba. Yakan ce wahalar kasuwar da ya sha ta ishe mu mu duka, ni boko zan yi. Da yake ina ɗan taɓuka abin kirki a makaranta, sai na tashi da wata ɗabi'a da ban gane illarta ba sai daga baya: ni ake tambaya, ba ni nake tambaya ba. Ƙannena ni suke kawo wa aikin gida, 'yan ajinmu ni suke kewayewa in jarrabawa ta matso. Har na gama sakandare ban taɓa ɗaga hannu na ce ban gane ba.

A 2015 na samu gurbin karatun kimiyyar kwamfuta a jami'a. Baba ya saya mini laftof na hannu, ya kawo shi gida da kansa a cikin ledar shagonsa. Shekarar farko ta wuce lafiya, domin yawancinta lissafi ne da abubuwan da ake iya haddacewa. Da aka shiga rubuta manhaja gadan-gadan, sai na tarar ban gane komai ba. Jarrabawar da biro muke rubuta ta a takarda, don haka na koma hadda. In haddace kod shafi guda kamar karatun allo, in juye shi, in fito. Idan aka sauya tambayar ko da kaɗan ne, shi ke nan na ɓace. Akwai waɗanda suka gane a ajinmu, kuma da na tambaye su da sun nuna mini. Girman kai da kunya suka hana ni.

Ana cikin haka 2016 ta shigo da nata. Naira ta faɗi, dala ta hau, kayan da Baba ke sarowa suka yi tsada, masu karɓar kaya bashi suka daina biya a kan lokaci. A shekarar ne kuma aka gano ƙodarsa ta taɓu. Sau biyu a mako ake yi masa wankin ƙoda, ni nake kai shi, ni nake zama da shi awa huɗu ina kallon jininsa yana zagayawa ta cikin na'ura. Ba na nadamar ko rana ɗaya daga cikin waɗannan ranakun. Ya rasu a 2017, saura 'yan makonni a fara azumi. Allah Ya jiƙansa.

Akwai hanyar da ɗalibi ke bi ya jingine karatu in irin wannan ta same shi. Na san da ita, ban bi ba, domin bin ta yana nufin in tsaya gaban wani in ce na gaza. Kwasa-kwasan da na faɗi suka taru, makina ya yi ƙasa, na shiga zangon gargaɗi ban faɗa wa kowa ba. A watan Oktoba na 2018 na ga lambata a jerin waɗanda aka sallama. Na daɗe tsaye gaban allon sanarwar, sannan na hau adaidaita na koma gida, na ci tuwon dare tare da ƙannena kamar ba abin da ya faru.

Washegari na saɓa jaka na fita da sassafe. Umma ta miƙo mini naira 300 kuɗin mota kamar kullum, na karɓa.

Wannan karɓar ita ce abin da ya fi ci mini rai har yau. Kuɗin daga ɗinkin da take yi ne da adashinta. Na samu wani shagon buga takardu na yayan abokina, na riƙa wuni a can ina buga katin biki, da wasiƙu, da kundin kammala karatu na ɗaliban da muka shiga jami'a kusan lokaci guda. Da yamma in dawo in ce lakca ta yi tsawo. Barci ya ƙaurace mini. Na rame har maƙwabta suna cewa karatu ne ke cin yaron nan, Umma kuma tana amsawa da alfahari.

Ga kuma wani nauyin. Baba ya bar littattafan bashi guda shida, rubutun hannunsa, wani shafi da boko wani da ajami. A ciki akwai waɗanda yake bi da waɗanda ke bin sa, duk a cakuɗe. Ba a raba gado sai an biya bashin mamaci, to ga shi ba wanda ya san adadin bashin. Baffana ya ce tunda ga mai karatun kwamfuta a gida, a ba shi ya warware. Aka ɗora mini littattafan a cinya. Na ajiye su ƙarƙashin katifa fiye da shekara.

A watan Janairun 2019 wani mutum ya shigo shagon da 'yar takarda, yana son a buga masa sanarwa kwafi 30. Taron masu koyo da masu aiki da Python ne, wani yaren rubuta manhaja, ana yin sa duk Asabar ɗin ƙarshen wata, daga ƙarfe 10 na safe zuwa la'asar. A ƙasa an rubuta cewa kyauta ne, ka zo da laftof ɗinka, in ba ka da shi ka zo haka. Na buga masa, na riƙe kwafi ɗaya. Gaskiya ba son koyo ne ya kai ni ba. Wurin da zan ɓoye ranar Asabar nake nema, tunda na riga na ce wa Umma muna da darasi a ranar.

Ɗaki ne a saman bene wajen titin gidan Zoo, na wata ƙaramar makarantar koyon kwamfuta da ke ara musu shi. Kujerun roba, fanka ɗaya, majigi ana haska shi a bango, da wayar wuta doguwa da kowa ke rububin saka caja. Mu kusan 20 ne. Akwai ɗalibai, akwai ma'aikacin banki, akwai malamin sakandare, akwai mata huɗu a jere ɗaya gefen taga. Ana zagayawa da hula a tara kuɗin man janareta da ruwan leda, mai ɗari ya saka, marar ko sisi ya miƙa gaba, ba mai kallon hannun wani. Da yake data tana tsada, mutum ɗaya ne ke sauke kayan aikin da za a buƙata daga intanet, ya zuba a filash, filash ɗin ya zagaya ɗaki. Na samu kujerar ƙarshe kusa da ƙofa na zauna.

Wanda ke jagorantar zaman ya girme mu duka, kuma an ce mini daga gida yake yi wa wani kamfani na ƙasar waje aiki. Kowa Malam yake ce masa. Ya fara nuna yadda ake janyo bayanai daga shafin intanet, ya danna, sai ga rubutun kuskure ya cika bango. Gabana ya faɗi a madadinsa. A tunanina zai yi sauri ya rufe, ya ce na'ura ce ta samu matsala. Sai ya ƙara girman rubutun don na baya su gani, ya ce, "Madalla, ga abin karatu ya samu. Daga ƙasa ake fara karantawa, layin ƙarshe shi ke faɗin abin da ya faru, na samansa su faɗi inda ya faru." Ya gwada wannan bai yi ba, ya gwada wancan bai yi ba, ya ce a fili, "Wallahi ban gano ba, wa ya gani?" Wani yaro ɗan sakandare ya ɗaga hannu ya ce kamar a tsohon Python 2 aka saka ƙunshin kayan aikin, ga shi kuma da sabon Python 3 ake kiran sa. Haka ne kuwa. Malam ya ce, "Allah Ya yi maka albarka," ya gyara, aka ci gaba.

Na koma gida ina juya abin a raina. Babban mutum, gwani, ya ce bai sani ba a gaban yara, kuma ba abin da ya ragu a jikinsa. Ni a rayuwata ban taɓa ganin an yi haka ba, ko kuma an yi ban lura ba.

Na koma a wata na gaba, duk da an ɗaga zaman saboda zaɓen shugaban ƙasa ya faɗo a Asabar ɗinmu, 23 ga Fabrairu. Na koma a Maris, na koma a Afrilu, na je na cikin azumi da aka taƙaita zuwa azahar. Wata biyar ban ce uffan ba in ban da sallama. Ba wanda ya takura mini, ba wanda ya tambaye ni makarantar da nake ko ajin da nake. Amma ina komawa shago ina gwada abin da na gani. Python ta zo mini da sauƙin da ban samu a baya ba, domin kana rubuta layi ɗaya za ka ga amsarsa nan take, ba sai ka tara shafi guda ba. A wurin na ji cewa wani ɗan ƙasar Holan, Guido van Rossum, shi ya fitar da yaren a 1991, kuma kyauta ne, mutane ne daga ƙasashe daban-daban ke kula da shi, da yawansu ba biyan su ake yi ba. Tarukan irin namu kuwa suna nan a birane da yawa na duniya, a ɗakunan aro irin namu.

Cikin dare ɗaya na ɗaga katifa na ciro littattafan Baba.

Na fara shigar da su layi-layi: suna, kaya, kuɗi, wa ke bin wa. Da yake aikin buga katin biki ya saba mini da rubuta ƙ da ɗ da ɓ yadda suke, haka na riƙa rubutawa. Na haɗa 'yar manhajar da za ta tara jimillar kowane mutum ta ajiye a fayil. Sai ta riƙa mutuwa a tsakiya. Ta rubuta layi takwas lafiya, a na tara ta tsaya cak. Mako biyu ina fama ni kaɗai. Na goge na sake ya fi sau goma. Wani dare na kifa kai a kan laftof ɗin da Baba ya saya mini na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarsa.

A zaman ƙarshen Yuni, bayan an dawo daga sallar azahar, aka zo lokacin da Malam ke cewa mai matsala ya kawo. Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba. Daga kujerar ƙarshe zuwa gaban majigi bai fi taku goma ba, amma ƙafafuna rawa suke yi. Na riga na sauya sunayen mutane da lambobi don rufin asiri. Na jona waya, na danna, kuskurena ya fito a bango kowa yana gani. Malam ya ce, "Karanta mana, ɗan'uwa. Daga ƙasa."

Na karanta da murya tana sarƙewa: UnicodeEncodeError, sannan wasu kalmomi, sannan \u0199.

Ɗaya daga cikin matan nan na gefen taga, wadda na tabbata na girme ta, ta ce, "Malam, duba layi na tara, akwai ƙ a ciki?" Na duba. Shadda baƙa, yadi goma. Ta ce wannan lambar 0199 ita ce lambar ƙaramar ƙ a Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta. Ta yi bayani cewa a Windows, in ka buɗe fayil ba ka faɗi tsarin haruffan da kake so ba, Python takan ɗauki tsohon tsarin na'urar, wanda aka yi don harsunan Turai ta Yamma, shi kuwa bai san ƙ da ɗ da ɓ ba. Ta ce in ƙara encoding="utf-8" a inda na buɗe fayil ɗin. Na ƙara. Na danna. Layuka suka zubo har ƙarshe ba tsayawa. Ta ce ita ma ta kwana uku a kan wannan lokacin da take tattara karin magana, wani ne a nan ɗakin ya nuna mata.

Mako biyu na wahala, gyaran bai kai minti biyu ba. Na ce, "Na gode, Malama," na kasa ƙara komai. Malam ya tambayi ko lissafin mene ne wannan, na ce bashin mahaifina ne, ya rasu. Ɗakin ya yi tsit, sannan aka yi masa addu'a baki ɗaya. Bayan an tashi mutum uku suka tsaya tare da ni har magariba ta kusa, domin akwai wata matsalar da ta fi ta farko. Baba yakan rubuta mutum ɗaya da suna uku: wani wuri sunansa, wani wuri laƙabinsa, wani wuri sunan garinsu kawai. Suka nuna mini yadda zan sa manhajar ta jero sunayen da suka yi kama da juna, amma ma'aikacin bankin nan ya ja kunnena. Ya ce kada in bar na'ura ta yanke cewa wane shi ne wane, wannan hakkin mutane ne, in je in tambayi wanda ya san su. Haka na yi. Na ɗauki jerin na kai wa tsohon yaron shagon Baba, muka zauna Juma'a uku muna bi ɗaya bayan ɗaya, shi ne ma ya karanta mini shafukan ajamin da suka gagare ni.

Da lissafi ya fito, ba daɗi a cikinsa. Abin da ake bin Baba ya yi yawa, kuma da yawa daga cikin waɗanda yake bi ba su biya ba har yau. Dole aka saki shagon. Amma mun gano wani babban bashi da aka rubuta sau biyu a littattafai daban-daban, kuma mai shi da aka je masa da shafukan ya amsa cewa sau ɗaya ne. Wannan ne ya sa gidan da muke ciki bai shiga cikin abin sayarwa ba. Aka biya bashi, aka raba abin da ya rage.

A watan Agustan shekarar aka yi babban taron Python na nahiyar Afirka karo na farko, PyCon Africa, a birnin Akara na Gana. Mutum biyu daga cikinmu suka je ta mota, muka yi musu karo-karo. Da suka dawo suka ba mu labari a zaman ƙarshen wata, har ɗayansu ya ce ya haɗu da masu aikin da ba su da digirin kwamfuta ko kaɗan. Bayan an tashi na bi Malam har bakin mashin ɗinsa na faɗa masa komai, sallamar da ƙaryar da kuɗin motar. Shi ne mutum na farko da ya ji daga bakina. Bai yi mini wa'azi ba. Ya ce, "Karatu ana sake shi. Amma ka je ka faɗa wa Hajiya, kada ta ji a bakin wani."

Sai da na ƙara mako biyu kafin na iya. Bayan sallar isha'i na same ta a kan keken ɗinki, na durƙusa na faɗa mata. Umma ba ta kiran sunana saboda ni ɗan fari ne, kuma ba mai yawan magana ba ce da ni. Ta tsayar da keken, ta daɗe ba ta ce komai ba. Sannan ta ce, "Wata goma sha ɗaya ina tashi cikin dare ina roƙa maka cin jarrabawar da ba ka zama. Da ka faɗa mini, ai da na san abin da zan roƙa." Ta tashi ta shiga ɗaki. Kwana uku in na gaishe ta sai ta amsa a taƙaice ba ta dube ni ba. Ba korar ce ta yi mata ciwo ba, ta faɗa wa ƙanwarta haka daga baya. A rana ta huɗu ta aiko ƙanina da kunu ɗakina. Ta yafe, na sani, amma sai da aka shekara kafin ta daina tambayata sau biyu in na ce mata ga inda za ni. Ban ga laifinta ba.

Ranar 1 ga Janairun 2020 aka daina kula da Python 2 a hukumance, muka yi zama guda a kan yadda ake mayar da tsohon kod zuwa Python 3, kuma a zaman ne na fara tsayawa gaba na koyar da wani abu: haruffanmu masu lanƙwasa da yadda ake kiyaye su a fayil. Minti goma sha biyar ne, na yi kuskure biyu, aka gyara mini. Bayan wata uku korona ta rufe Kano. Wanda ya zauna a garin a Afrilun 2020 ya san yadda aka yi ta rashin dattawa a 'yan makonnin nan. Mai makarantar da ke ara mana ɗaki yana cikin waɗanda suka tafi. Muka gwada zama ta bidiyo, data ta gagari yawancinmu, muka koma WhatsApp, daga baya shi ma ya yi shiru. Malam ya samu aiki ya koma Abuja. Na ɗauka abin ya ƙare ke nan.

A tsakiyar 2021 na lura ina sake komawa halina na da, ina fama da matsala ni kaɗai ina ɓoyewa. Na kira Malamar nan da ma'aikacin bankin, na ce ko mu uku ne mu zauna. Yayan abokina ya ba mu shagon buga takardu ranar Asabar da yamma. Mu huɗu muka fara, ba majigi, muna leƙa laftof ɗaya. Wata na uku muka zama tara. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin hula ya daina isar janareta, kuɗin mota ma ya hana wasu zuwa, sai muka nemi wani wuri mai sola muka rage zaman zuwa awa uku. Akwai watan da mu biyar ne kawai. Ba mu soke ba.

Yanzu da Django, wani kayan aikin Python, nake haɗa wa 'yan kasuwa manhajar lissafin kaya da bashi, yawancinsu a Kwari da Sabon Gari, wasu ma abokan Baba ne. Ba arziki na yi ba, amma ni nake biya wa ƙannena biyu kuɗin makaranta, kuma na koma karatu a jami'ar karatu daga gida, ina aji uku. Ranar da na yi rajista na kai wa Umma takardar ta riƙe da hannunta, haka kuma nake kai mata sakamakon kowane zango, mai kyau da marar kyau. Akwai kwas ɗaya da na faɗi bara, ta gani a ranar da ya fito.

Makullin ɗakin taron a hannuna yake. Ina zuwa da wuri in share, in jera kujeru, in ja wayar wuta har layin baya. Akwai wani yaro da ya fara zuwa wata huɗu da suka wuce, kullum a kujerar kusa da ƙofa, da jakar makaranta a cinyarsa, sallama kawai yake yi. Ban tambaye shi inda yake karatu ba, kuma na roƙi sauran kada su tambaye shi. A zaman da ya wuce, bayan kowa ya fita ina naɗe waya, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Yaya, wayar majigin nan tana shiga irin laftof ɗina?" Na karɓa na duba, ba ta shiga, tsohon rami ne da shi. Jiya na je Farm Centre na sayo 'yar mahaɗar da za ta yi, tana cikin jakata.